RA'AYINMU: Mudun Da A Ke Auna Mu Da Shi

Kowace shekara idan aka fara fitar da sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a, ofishin Ƙungiyar Ɗalibai ya kan cika da baƙi. Iyaye ne da yayye da ƙanne, kowa riƙe da takardar sakamako a cikin leda, suna neman wanda zai yi musu bayanin abin da ya faru. Bana ma ba ta sāke zane ba. Abin da muka lura kuwa shi ne, in an ɗebe masu neman likitanci, babu waɗanda suka fi yawa cikin masu wannan kuka kamar masu neman Tsangayar Harhaɗa Magunguna. Saboda haka muka ga ya kamata mu keɓe shafin ra'ayinmu na wannan fitowa ga maganarsu, domin da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofa muka so shiga aka juya mu.

Cikin masu shirya wannan mujalla akwai wani ɗan'uwa wanda ya tashi a shagon magani na kawunsa, tun yana aji ɗaya na sakandare ya ke share kanta yana jera kwalabe. Sau uku ya zauna jarrabawar shiga jami'a yana neman wannan tsangaya. A karo na farko kwamfutar da aka ba shi ta tsaya ana tsakiyar aiki, kafin a sauya masa wata hankalinsa ya riga ya tashi. A karo na biyu aka jefa shi wata cibiya a garin da bai san kowa ba, ya kwana a barandar masallaci don ya isa bakin ƙofa da ƙarfe shida da rabi na safe. A karo na uku ya ci maki mai kyau, amma da aka haɗa jimilla sai ya gaza da maki huɗu. Ya haƙura ya karɓi Kemistiri. Yau yana aji uku, yana cikin na gaba a ajinsu, kuma duk daren Asabar za ka same shi gaban allo yana koya wa 'yan aji ɗaya na Tsangayar Harhaɗa Magunguna darasin da ya gagare su. Ba mu kawo labarinsa don a ji tausayinsa ba, gama shi ya riga ya dangana. Mun kawo shi ne don mu yi tambaya: wane irin mudu ne wannan da ya auna shi har sau uku ya ce bai cika ba?

Kafin mu ci gaba, dole ne mu ba Hukumar JAMB haƙƙinta. Kafin a kafa ta, kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta da kanta. Ɗalibi mai hali sai ya bi gari gari yana zaunawa, ya sami gurbi a jami'a biyu ko uku, ya zaɓi ɗaya, sauran su tafi a banza, alhali kuwa ga wani can bai sami ko ɗaya ba. Da aka ƙara sababbin jami'o'i bakwai a 1975 abin ya ƙara dagulewa, shi ya sa gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar a 1978. Manufar mai kyau ce: jarrabawa ɗaya ga kowa, ɗan sarki da ɗan talaka, a duba lamba ba tare da an duba fuska ba. Mu da yawancinmu 'ya'yan manoma ne da ƙananan ma'aikata mun fi kowa sanin amfanin wannan, don da a ce sanayya ce ke shigar da mutum jami'a, da ba mu ga ko ƙofarta ba.

To, amma a duba yadda jarrabawa ɗayan nan ta hayayyafa. Mai neman karatun haɗa magunguna sai ya fara samun kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB. Tun 2005 kuma aka ƙara masa ta uku, wadda jami'a ke yi da kanta bayan ta JAMB, domin jami'o'i sun ce ba su amince da makin da a ke kawo musu ba. A 2016 Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu ya soke ta, a 2017 aka dawo da ita. Abin mamaki shi ne, jami'o'in da suka ce ba su yarda da mudun JAMB ba, da suka tashi ƙera nasu sai suka ƙera irinsa sak: tambayoyin canki-canka, a gaban kwamfuta, a kan darussan da aka riga aka tambaya, cikin lokacin da ya fi na farko ƙaranci. Idan ɗalibi bai sami gurbi ba a wannan shekara, makinsa ya mutu ke nan ko da ya kai nawa, sai ya sāke sayen fam, ya sāke bin layi tun daga farko.

Yanzu a dubi jarrabawar ita kanta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sa'an nan arba'in-arba'in na Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, maki 400 gaba ɗaya. Duk wanda ya iya rabawa zai ga daƙiƙa 40 ce ta faɗo wa kowace tambaya, ciki har da karanta ta da yin lissafinta. Wanda ya tsaya ya sāke duba amsarsa ya yi hasara. Wanda ya ga tambaya ta yi masa tsauri, shawarar da kowane mai koyar da dabarun jarrabawa zai ba shi ita ce ya cinka ya wuce, wataƙila ya dace. Ashe ke nan halin da jarrabawar ke saka wa da lada shi ne hanzari da ƙarfin halin cinke.

Mu kuwa da mu ke zaune ɗaki ɗaya da ɗaliban wannan tsangaya mun ga abin da a ke koya musu, kuma kishiyar wannan ne. Tun ranar farko a ɗakin gwaje-gwaje a ke horonsu da su karanta takardar likita sau biyu, su duba sunan da ke jikin kwalba lokacin ɗaukowa da lokacin aunawa da lokacin mayarwa. Idan aka kawo yaro mai kilo 10 yana zazzaɓi, aka ce a ba shi farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, maganin ruwan kuma yana da miligiram 120 cikin kowane mililita 5, ba a son mai saurin ba da amsa. Ana son wanda zai rubuta lissafinsa a takarda, ya duba, ya sāke dubawa, domin ɗigo ɗaya in ya kauce daga wurinsa ya ninka magani sau goma. Idan kuma ya ga abin da likita ya rubuta bai yi daidai ba, ana so ya ajiye alƙalami ya je ya tambaya, ko da layi ya kai bakin titi. A wannan sana'a cinke laifi ne. Ƙasar nan ba ta manta da yara fiye da 80 da suka mutu tsakanin 2008 da 2009 ba saboda maganin fitar haƙori da aka haɗa da sinadari mai guba. Mu nan Arewa kuma mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa samari da matan aure kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shi a 2018. Dukan waɗannan masifu rashin tsantseni da rashin amana ne suka kawo su, waɗannan kuwa abubuwa ne da tambayar daƙiƙa 40 ba ta ganinsu.

Akwai kuma maganar harshe. Ba mu ce a cire Turanci ba, tun da da shi a ke karatun, da shi kuma a ke rubuta bayanin magani. Amma kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin duka Turanci ne, har da zaɓen kalmomi masu ma'ana ɗaya da wurin da a ke danna murya a kalma, abubuwan da ɗan birni da ke jin Turanci a gida ya sha tun da nono. Wanda zai gama ya yi aiki a babban asibitin Gumel ko na Daura, rabin aikinsa shi ne ya zauna da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ya fahimtar da ita cewa wannan ƙwaya kullum a ke sha ko da jiki ya yi daɗi, wannan kuma ba a haɗa ta da waccan. Wannan gwaninta ba ta da maki ko ɗaya a ƙofar shiga.

Za a ce mana ai tambayoyin kowa iri ɗaya ne, ina rashin adalcin ya ke? Gaskiya ne, tambayoyi ɗaya ne, amma tafiyar da ta kawo kowa gabansu ba ɗaya ba ce. Tun 2015 aka mai da jarrabawar gaba ɗaya ta kwamfuta. Hukumar ta yi ƙoƙari ta sauƙaƙa, har ta tsara yadda za a amsa da maɓallai takwas kawai, ta kuma shirya jarrabawar gwaji ga mai so. Duk da haka, akwai bambanci tsakanin yaron da ya shekara yana gwada tsofaffin tambayoyi a kwamfutar gidansu, iyayensa na biya masa kuɗin darasin yamma, da yarinyar da ta fito daga makarantar je-ka-ka-dawo inda malamin Fiziks ɗaya ke riƙe da dukan azuzuwa, wadda ranar jarrabawa ce rana ta biyu da ta taɓa zama gaban na'urar. Idan aka sami tazarar maki talatin tsakaninsu, wa zai iya rantsewa ya ce tazarar basira ce, ba tazarar aljihun iyaye ba? Sakamakon ƙasa baki ɗaya ma shaida ne. A 2025, cikin mutum wajen miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, watau rabin makin. Babu mai hankalin da zai ce uku cikin kowane huɗu na samarin ƙasar nan daƙiƙai ne. Abin da wannan ke nunawa shi ne halin da makarantun sakandare ke ciki, sai dai yaran ne ke biyan bashin.

A wannan shekara ta 2025 ɗin ne kuma aka ga abin da ya kamata ya sa kowa ya rage imani da lamba. Bayan an fitar da sakamako, iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa makin da aka ba su ba nasu ba ne. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ranar 14 ga Mayu, ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, wanda ya shafi mutum 379,997, ya nemi gafara har da hawaye, aka sāke musu jarrabawa. Mun yaba masa, domin ba kowane shugaba ne a ƙasar nan ke amsa kuskure ba. Amma darasin yana nan. Mudun da zai iya kuskuren auna mutum kusan dubu ɗari huɗu a shekara ɗaya, bai kamata a ɗauki maki huɗu nasa tamkar hukuncin alƙali ba.

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa masu nema ba ita ce, makin da a ke yankewa ba shi ne iyakar wanda zai iya karatun da wanda ba zai iya ba. Hukumar kula da sana'ar haɗa magunguna ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace tsangaya yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta, kuma daidai ne ta yi haka. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa. A jami'o'in tarayya kuma guraben nan a kan kasa su uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmi. Saboda haka sai a jera sunaye daga sama, inda kujeru suka ƙare nan a ja layi. Da za a gina ɗakin gwaji ɗaya a ƙara malamai biyar, da layin ya sauko, waɗanda aka ce jiya ba su cancanta ba sun zama sun cancanta yau. Amma yaron da aka bari a waje ba a gaya masa haka. Shi dai ya koma gida da cewa ya fāɗi, maƙwabta su ji ya fāɗi, wata yarinyar ma daga nan sai maganar aure, karatu ya ƙare.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa fama da wannan tambaya ba. A Amurka an yi kusan shekara hamsin ana yin wata jarrabawa ta musamman ga masu neman makarantun haɗa magunguna, mai suna PCAT. Sannu a hankali makarantu suka daina neman ta, suka koma duba sakamakon darussan kimiyya da mai nema ya yi da kuma ganawa da shi, har aka rufe ta gaba ɗaya a Janairun 2024. Ba mu ce a kwaikwaye su ido rufe ba. Su masu nema ne suka ragu musu, mu kuwa gurabe ne suka yi mana kaɗan, kuma in aka ce a nan ganawa kaɗai za ta shigar da mutum, mun san 'ya'yan wa za su shiga. Abin ɗauka a wurinsu shi ne ba su mai da jarrabawa abin da ba a taɓawa ba.

Bisa ga wannan, ga abin da mu ke kira a yi.

Na farko, muna roƙon Majalisar Dattawan Jami'a ta sa Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta auna mudun da kanta. Takardun suna nan a ofis. A ɗauko ɗaliban shekara goma da suka wuce, a jera makin da kowa ya shigo da shi kusa da sakamakon da ya fita da shi, a kuma gwada su da waɗanda suka shigo aji biyu kai tsaye ta hanyar IJMB. A buga abin da aka samu kowa ya gani. In ya tabbata mai maki 280 kullum ya fi mai 260 a ɗakin gwaji da gefen gadon majinyaci, mu ne za mu fara janye maganarmu a wannan shafi. Malamanmu ne suka koya mana cewa ba a amincewa da ma'auni sai an gwada shi, to, a fara da wannan.

Na biyu, jarrabawar da jami'a ke yi bayan ta JAMB ta daina maimaita abin da aka riga aka yi. A tace masu nema da makin JAMB zuwa ninki biyu ko uku na guraben da a ke da su, sa'an nan a gwada su da abin da ya shafi sana'ar: lissafin awo a takarda inda za a ga yadda mutum ya bi ya kai ga amsa, da ɗan aikin hannu da sikeli, da karanta umarni a bayyana shi da baki cikin harshen da majinyaci ke ji. A yi da lamba ba da suna ba, malamai biyu su ba da maki kowa daban, wakilin Ƙungiyar Ɗalibai yana zaune a matsayin shaida.

Na uku, a riƙa bayyana yawan guraben tsangayar tun kafin a fara sayar da fam, bayan an gama kuma a kafe mafi ƙarancin makin da aka ɗauka a kowane kashi cikin ukun nan. Wannan zai sa mai nema ya san inda ya dosa, ya kuma toshe bakin masu cewa an sayar da gurbinsu, in ba a sayar ba.

Na huɗu, muna kira ga Hukumar JAMB da Majalisar Tarayya su bar sakamako ya yi aiki shekara biyu aƙalla. Kemistirin da yaro ya sani bana ba zai zube kafin baɗi ba. Sa shi ya sāke biya, ya sāke tafiya, wahala ce da ba ta ƙara wa kowa ilmi.

Na biyar, gwamnatocin jihohinmu su san cewa kason da a ke ware wa jihohin da aka bari baya ba abin alfahari ba ne, kuma ba zai dawwama ba. Biya wa ɗalibai kuɗin fam da a kan yi ana shela a rediyo bai kai amfanin malamin Fiziks ɗaya da ɗakin kwamfuta mai wuta a kowace makarantar kimiyya ba.

Saura mu, 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata masu karanta wannan mujalla. Kowannenmu ya fito daga wata makaranta, kuma ya san halin da ya baro ta. Ƙungiya za ta buɗe rajista a ofishinta ga duk wanda ya yarda ya ba da mako biyu cikin dogon hutu ya koma tsohuwar makarantarsa, ya zauna da 'yan ajin ƙarshe, ya nuna musu yadda jarrabawar ta ke, ya bar su su taɓa kwamfutarsa in yana da ita. Wannan ba zai gyara mudun ba, amma zai rage yawan waɗanda za a zubar kafin a gyara shi. Ga ƙannenmu da ba su ga sunansu ba bana kuwa, muna so su sani kujeru ne suka ƙare. Wanda ke da halin sāke zama ya sāke, wanda ya karɓi wani fanni ya riƙe shi da kyau.

Mun san za a sami waɗanda za su ce yara sun fara koya wa manya aiki. Ba haka mu ke nufi ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shafin nan a buɗe ya ke ga Shugaban Tsangaya da Magatakarda, in sun aiko da amsa za mu buga ta cikakkiya a fitowa ta gaba. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana da idon basira, amin.